Wuƙar Injiniya

Duk unguwar babu wanda ya san ƙarfe kamar Injiniya. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin sito a wata masana'anta, ƙarafa na shiga suna fita a kan idonsa. Bai taɓa ɗaga guduma ba, amma ya ga ana ɗagawa.

Da ya yi ritaya, sai basirarsa ta faɗa kicin. Ya ɗauki wuƙar matarsa, ya jujjuya ta, ya girgiza kai, ya ba masu tsintar ƙarafa kyauta.

"Matar Injiniya ta fi ƙarfin wannan. Ni zan ƙera miki wata kafin Yaya ya zo ranar Asabar."

Yayan nata mahauci ne, kuma har yau "Mai Makulli" yake kiran mijin ƙanwarsa. Wannan wuƙar ce za ta rufe masa baki.

A shagon mai walda aka jawo masa wani tsohon zarto na yankan katako, duk ya yi tsatsa. Mai walda ya goga shi a inji, tartsatsi ya watsu ko'ina.

"Baba, ka ga wutar nan? In ka gasa shi ya yi ja, ka tsoma a mai, ko magagari ba zai ci shi ba. Irin wannan ne ke riƙe kaifi."

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Ɗana, ku da ido kuke zaɓen ƙarfe. Mu manya da kunne."

Ya bi tarkacen shagon yana ƙwanƙwasawa da zobensa, ido a lumshe, har ya tsaya kan wani mai sheƙi.

"Ka ji muryar ƙarfe mai asali?"

"Baba, hannun firij ne fa."

"To! Shekara nawa ana jan sa bai karye ba?"

Kwana huɗu yana fama da hannun firij ɗin a tsakar gida, tabarau biyu a fuska, duk wanda ya yi sallama sai ya sha lacca. Ya gasa, ya tsoma a mai. Da ya goga magagari, ƙarfen ya zube kamar sabulu. Injiniya ya ce wannan biyayya ce, ƙarfe ya san ubangidansa. Matarsa kuwa kullum tana ƙofar maƙwabciya wajen aron wuƙa.

Ranar Asabar Yaya ya zo da cinyar rago. Injiniya ya tara maƙwabta, ya kwance wuƙar daga farin ƙyalle.

"Ku matsa baya. Ko iskarta yanka take yi."

Ya ɗora a kan nama ya ja. Naman ya motsa, ya koma yadda yake. Ya danna da ƙarfi, sai tsinin wuƙar ya lanƙwashe yana kallon sama. Yaya ya miƙo masa tumatir. Tumatir ya fashe a gaban rigarsa. Gumi ya jiƙa hannun Injiniya, wuƙar ta suɓuce, ya yi wuf ya cafke ta ta wajen kaifin, ya damƙe ƙam.

Aka yi salati. Matarsa ta rugo, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane babu.

Ta dafe ƙirji, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi! Yaya, ka ga ikon Allah? Da wuƙa ce ya kama, ai da yanzu muna asibiti."