Waƙar da Glenys Ta Yi wa Warwick

"Ku kaɗa mini tsirkiya ɗaya tak, in gaya muku shekarar da aka ɗauki waƙar, da unguwar da aka ɗauke ta, da ko mai jitar ya karya kumallo a ranar." Haka Warwick Tennent yake faɗa, aboki, kuma ba a ɓoye ba. A rediyo yake faɗa duk Asabar da rana, mutanen birnin Dunedin suna ji. Da kansa ya raɗa wa kansa suna Kunnen Zinariya. Mu da muke aikin sa-kai tare da shi a 'yar tashar unguwa, Rediyo Mai Jini muke ce masa in ya ba da baya. Ni ne mai murɗa masa na'ura, don haka duk abin da zan gaya maka a gabana aka yi.

Shirin nasa na tsofaffin ƙungiyoyin jita ne, irin waɗanda suka yi kaset ɗaya a ɗakin haya mai sanyi, suka sayar wa 'yan'uwa da abokan arziki, suka watse. In ƙungiya ta yi suna, Warwick ya raina ta ke nan. In kuwa har uwar mawaƙin ta manta ɗanta ya taɓa waƙa, to wannan ita ce gwana a wurinsa. Waƙoƙin yaran yanzu, ruwan wanke-wanke yake kiran su.

Ana nan sai Noeline, shugabar tasharmu, ta shigo da wata ɗaliba mai suna Hinewai, wadda ke bin sababbin waƙoƙi tun kafin su huce. Ta ce su raba shirin na ɗan lokaci, daga baya wanda masu sauraro suka fi so shi zai riƙe Asabar. Warwick ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce yarinyar ta kawo duk waƙar da ta ga dama, ta sa a gaban jama'a, ya karanta mata tarihinta.

Ta kawo. Na murɗa. Gogan naka ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama kamar mai auna iska.

"Farkon shekarun tamanin ne," in ji shi. "Har warin kananzir ɗin ɗakin nake ji. Na san mai jitar, wani dogo mai gemu. Ya rasu, bawan Allah."

"Kawu Warwick," in ji Hinewai a hankali, "makon jiya ta fito. Sunan ƙungiyar Kifin Gwangwani. Mai jitar mace ce, ita ta kawo ni a mota, tana waje tana jira na."

Warwick ya ce ai gwada ta yake yi. Da aka kashe makirfo ya juyo kaina, wai na'urata ce take tsufar da sauti.

Da wani ne, da ya lafa. Shi kuwa a Asabar ta gaba ya shigo da wani kaset a aljihun ƙirji, yana dafe da shi kamar laya. Na wata ƙungiya ce, Laimomin Talata, da ta watse tun muna samari. Kaset ɗin ya sha jiki. In ka sa shi, abin da za ka ji shi ne jita can nesa da wani shuuu kamar ana suyar kifi a cikin ruwan sama. Muryar mawaƙiyar, Glenys Moffat, ta nutse gaba ɗaya, sai kalma ɗaya da ke tasowa a amshi, ita ce "Warwick".

A kan wannan kalma ɗaya ya gina bene. Ya gaya wa masu sauraro cewa waƙar soyayya ce, shi aka yi wa, don a zamanin ba ya fashin wasansu, kullum yana sahun gaba. Ya ce Glenys ba ta taɓa iya haɗa ido da shi ba, kuma shi ya san dalili. Bai tsaya nan ba, ya yi alkawari a rediyo cewa zai haɗo kan Laimomin Talata su yi wasa a zauren kulob ɗin masu gara ƙwallo a kan ciyawa. Har ya kama zauren, bai tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Mai gangar aka fara samu a waya. Yana Ostireliya, ya ce ya sayar da gangunan ya sayi kwalekwale, kuma bai taɓa nadama ba. Mai babbar jitar kuwa, Warwick ya ji labarin wani mai irin sunansa a wajen garin Balclutha, ya ja ni muka tafi. Muka tarar da wani dattijon makiyayi mai kawaici. Warwick ya wuni yana tuna masa wasannin da suka yi, dattijo yana gyaɗa kai yana ƙara mana shayi. Da rana ta yi sanyi ya ce shi dai bai taɓa riƙe jita ba, amma in muna son tunkiya yana da na sayarwa. A hanyar dawowa Warwick ya ce mini mutumin kunya ce ta hana shi amsawa, manyan masu fasaha haka suke.

Glenys da kanta ta bugo tasha. Ashe tana nan kusa, a Mosgiel, tana sayar da dashen furanni, kuma wata mai saye ce ta ba ta labari. Ni na ɗauka, na miƙa masa.

"Wane Warwick?" na ji ta ce. "Wanda yake tsayawa a gaba?"

Ya rufe bakin wayar da hannu, ya dube ni, idonsa har ya kawo ruwa. "Ka ji ko? Ba ta manta ba."

Ta yarda za ta zo, har ta ce ta daɗe tana son ya ji waƙar nan da kyau. Amma ba ta da makaɗa, sai dai a nemo mata yaran nan Kifin Gwangwani, don ta ji su ta yaba. Warwick ya haɗiye wannan da ƙyar kamar busasshen burodi. Zuwa Asabar kuma ya sanar a rediyo cewa shi ya gano yaran.

Ranar wasa zaure ya cika. Masu furfura da tsofaffin rigunan sanyi a gefe guda, ɗalibai a ɗaya gefen, matan kulob suna zagawa da shayi da naɗaɗɗen burodi mai cuku. Noeline ta ce a watsa wasan kai tsaye. Warwick ya zo da wata rigar fata da ya daina shiga cikinta tun da daɗewa, ya kafe a sahun gaba, ya sa Noeline a gefensa don ta ga ikon Allah.

Glenys ta hau, 'yar gajeruwa mai furfura, da ƙasar shuka a farce. Yaran suka ɗauki kiɗa, jita ta yi wani garau kamar ana zuba tsabar gilashi. Wasu tsofaffi suka fara share ido. Muryar matar tana nan, kuma wannan karon da makirfo mai kyau, kowace kalma tana fita tar.

Kowa ya ji baitin farko, ban da mutum ɗaya. Warwick ya karkata ga kunnen Noeline yana yi mata bayanin yadda ake ɗaure tsirkiya a zamaninsu. Baitin kuwa labarin wani saurayi ne da ke zuwa kowane wasa, ya tsaya a gaba, ya yi ta surutu tun daga waƙar farko har a kwashe kujeru. Mutane suka fara kallon juna. Hinewai ta cusa fuska a cikin mayafin wuyanta, kafaɗunta suna rawa.

Amshi ya zo, Glenys ta rera: "Warwick, don Allah yi shiru, waƙa muka zo yi." Shi dai sunansa ya tsinta. Ya juyo ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ɗan rusuna, ya koma kan bayaninsa.

A zagaye na biyu zauren duka ya karɓa, tsofaffi da ɗalibai da matan shayi, har da Noeline da ke gefensa, tana rerawa cikin kunnensa. A nan ne maganar ta shiga. Na ga bakinsa ya tsaya a buɗe a tsakiyar kalma, kunnuwan zinariyar suka yi jajir. A hankali ya rufe bakin.

Glenys ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Zaure ya yi tsit, har kana jin tukunyar shayi tana tafasa a baya. Ta leƙo shi ta saman tabarau, ta ɗan jira ko zai ce wani abu. Bai ce ba. Sai ta matso bakin makirfo, duk Dunedin tana ji.

"To, yara, ku tattara kaya," in ji ta. "Waƙar ta ɗan ɗauki lokaci, amma ta yi aiki."