Uban Ƙudaje

Alheri ba ya ruɓewa, don haka da shi zan fara. Bayan na fita takaba, ƙanin mijina Farfesa ya ga ina lalube wajen zura zare a allura, ya saya mini tabarau. Allah Ya saka masa. Tun daga ranar nake ganinsa tar.

Mutum ne da samun irinsa sai an tona. Shekarunsa na ilimi kaf a kan tsutsar ƙuda ya ƙarar da su, kuma ba ƙudan gari ba, ƙananan nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ɗalibansa na kiransa Uban Ƙudaje a bayan ido. Da ya ji, sai ya ɗauka sarauta ce.

Mahaifiyarsu, Inna, a hannuna take. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Kowace mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta gyara ɗankwali ta ce in duba ko Auta ne, wato Farfesa. Mai gyaran famfo ne, ko maƙwabci.

Ranar da ta matsa na kai masa saƙo wurin aiki, na tarar da ɗaki mai sanyi kamar randa, kwalaben ƙudaje jere, kowace da abincinta da audugar toshe baki. Ya ce 'ya'yansa ba sa son zafi. Ya sa na leƙa wani madubi mai ido biyu, na ga wani abu kamar carbi mai haske. Ya gyara farar rigarsa, ya yi gyaran murya kamar gaban taro, alhali ni kaɗai ce.

"Yaya, abin da kike gani duniya ba ta gane shi ba sai da na zo. Tsoka ce ke aika wa jijiya wani sinadari, saƙon cewa matso, girma, ina nan. Jijiya ta amsa, ta fid da 'yan ƙulle-ƙullen nan, su haɗu. In jijiya ta toshe kunne, mahaɗar ta tsuke, tsutsa ta kasa tafiya. Na yi jawabin nan a ƙasashen da ko sunansu ba za ki iya faɗa ba."

Na ce Allah mai iko. Na ce ga shi kuwa ni ma an aiko ni da saƙo, Inna na son ganinsa. Ya ce wannan makon tsutsotsinsa na gab da zama ƙudaje, uba nagari ba ya barin gida a irin wannan lokaci. Inuwar giginya ke nan.

Ya zo dai daga baya, domin wata jarida za ta rubuta tarihinsa, ana son hotonsa da tsohuwa. Ya shigo da mai hoto, ya doshi tsohon ɗakin Inna da muka daɗe da mayar da shi na ajiyar kaya, ya yi sallama ga buhuna cikin ladabi. Da na nuna masa hanya, ya durƙusa ta ɓangaren da haske ya fi kyau, ya soma bayanin cewa duk abin da ya zama albarkar wannan baiwar Allah ce. Inna ta saurara har ya kai aya, sannan ta juyo wajena ta tambaya ko mai karanta mitar wuta ne. Ta gane shi sarai, don tana riƙe da gefen rigarsa ba ta saki ba.

Da kyar ya zare rigar. Yana fita ta bayan kicin sai ya yi turus gaban kwandon shara. Ɓawon ayaba ne a ciki, ƙananan ƙudaje sun yi masa lema. Farfesa ya tsuguna, wandon kwat a ƙasa. Ya ce irin waɗannan na gida ba su taɓa shiga kwalba ba, jijiyoyinsu na iya bambanta, dole ya riƙa zuwa duk mako yana ɗiba da hannunsa.

Yana zuwa kuwa. Ni ma ban fasa sayen ayaba ba, kuma na jawo kwandon daidai tagar Inna, ta yadda ba a kai gare shi sai an gaishe ta. Ban karya amana ba, don har yau ina kan abin da ya roƙe ni ran nan, idonsa cike da ƙwalla:

"Don Allah Yaya, ki riƙa leƙa su. Ba a barin mai rai shi kaɗai."