Ƙayar da ta Tsaya wa Baffa Haliru

Ko tsufa ya ci ni har na fara neman hular da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi Gwandu a matsayin jikan malamai na dawo Kalgo da ƙarnin kifi a hannu ba. Ni na gina ramin, ni na yi masa shara, ni kuma na faɗa ciki da sabuwar shadda.

A lokacin ina aiki a wani ofis a jami'ar da ke Kalgo (ba malami ba ne ni, ina cikin masu yawo da fayil suna ɗaure fuska don a ɗauka su ne ke riƙe da makarantar). A nan na haɗu da Balkisu, ma'aikaciyar ɗakin karatu, 'yar Gwandu. Na so ta so mai sa mutum ya je aron littafin da ba zai karanta ba. Da magana ta yi nisa ta ce mini mahaifinta ya rasu, yayansa Baffa Haliru ne waliyyinta. "Baffa ba shi tambayar albashi," in ji ta, "asali shi ka tambaya. In bai gamsu ba, magana ta mutu."

Ni kuwa asalina a wurin mahaifina ya tsaya. Malamin firamare ne, mutum mai tsadar magana, an yi ta yawo da shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, mu kuma muka tashi a gidajen malaman makaranta. Ya rasu bai taɓa zaunar da ni ya ce ga inda muka fito ba. Abin da na sani kawai, sunan kakana Mamman, kuma mutumin Kalgo ne.

Sai na tafi wurin Gwaggo Tumba, yayar mahaifina, can unguwarsu ta bakin fadama a Kalgo. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, shin kakanmu Mamman yana da wata alaƙa da Gwandu?"

"Gwandu?" ta ce, har da tafa hannu. "Wa ab bai san Baba ba Gwandu? Gidajen manya duka shi ka shiga, ba a tsai da shi zaure. In ya kwan biyu bai tai ba sai an aiko a ji ko lahiya. Ai kwandonai kaɗai in an hango..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na miƙe ina godiya ina neman takalmina, tana cewa, "Tsaya mana, ban ƙare ba," ni kuwa na riga na kai ƙofa. Wa ake bari ya shiga gidajen manya ba a tsayar da shi a zaure ba in ba babban malami ba? Wa ake aikawa a ji lafiyarsa? A zauren nata na wuce wata tsohuwar homa ta kamun kifi da wani ƙaton gora a rataye, na yanke hukuncin cewa kayan marigayi mijinta ne. (Ban tambaya ba. Mai bincike irina ba ya tambayar abin da zai ɓata masa sakamako.)

Daga nan na shiga tattara hujja. Na tsaya gaban madubi na juya gefe, na ga hancina ya ƙara tsawo. Na tuna ina son fura da nono. Babbar hujjar kuwa wani sirri ne da mahaifina ya koya mini tun ina yaro, na cire ƙayar kifi in ta maƙale wa mutum a wuya. Duk ƙauyen da muka zauna, shi ake kira in abin ya faru, kuma ya ce mini gadon gida ne, kada in yi wasa da shi. To ina ake gadon tofi in ba gidan malamai ba?

Ranakun Asabar na riƙa hawa mota zuwa Gwandu, in zauna da tsofaffin da ke shan inuwa kusa da hubbaren malaman jihadi, in ce ina neman labarin wani Modibbo Mamman. (Ni na ba kakana Modibbon nan, laƙabin manyan malamai, kyauta, a cikin mota, daidai garin Dalijan.) Ashe a Gwandu in ka jefa dutse sama, gidan wani Mamman zai faɗa. Wannan ya ce ya san shi, alƙali ne. Wancan ya ce a'a, liman ne. Wani ya ce wanda ya sani ya rubuta littattafai har gara ta gaji da ci. Na zaɓi na littattafan, na ɗinka shi da mahaifina ta ƙasa, na ɗinka masa kakanni ta sama, har salsalar ta kai zamanin jihadi ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Na haddace ta tsaf. Na ƙara wa sunana Gwandu a shafukan zumunta, na fara yi wa abokan aikina magana a hankali, irin ta wanda ya gaji natsuwa.

Da na karanta wa Balkisu salsalar, ta dube ni. "Kai dai ka hwaɗi abin da kas sani," ta ce. Na ce mata ta zuba ido ta sha kallo. Ta kuwa sha.

Ranar da aka sa mini in je gaisuwa, na ci shadda mai sitaci har tana ƙara, na riƙe carbi dogo, na sa wani littafin Larabci a hamata. Na tarar da Baffa Haliru a zaure bayan azahar, dattijo siriri mai farin gemu da ƙananan idanu masu dariya, tare da wasu ƙannensa da maƙwabta. Mun gama gaisawa ke nan aka shigo da abinci: tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, karfasa manya manya.

"Bisimilla, matso," in ji Baffa.

Kowa ya san mai neman aure ba ya cin abinci gaban surukai, da na ce na ƙoshi na yi shiru da an yaba kunyata. Amma bakina bai san iyaka ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baffa. Mu gidanmu ma kifi bai dame mu ba, nono muka gada."

Wani daga cikin ƙannen ya yi tari. Baffa ya ɗauki kan karfasa, ya dube shi, ya dube ni. "To madalla. Kai ɗan wa na? Ba mu labari muna ci."

Na gyara zama na fara daga sama, daga kakan da ya riƙe wa masu jihadi tawada. Ina saukowa ɗaya bayan ɗaya, ina jan carbi, ina lumshe ido a inda ya dace. Na lura Baffa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, har hawaye ya taru masa. Wallahi na ɗauka tarihin ne ya taɓa masa zuciya, sai na ƙara murya. Na iso kan Modibbo Mamman, na ce, "Wanda manyan garin nan ba sa iya kwana biyu ba su gan shi ba, saboda abin da yake ɗauke da shi na ilimi."

A daidai nan Baffa ya yi wani irin sauti, ya kama wuyansa. Ƙaya ta tsaya.

Zaure ya kacame. Wannan ya ba shi ƙatuwar lomar tuwo ya haɗiye, ba ta wuce da ita ba. Wancan yana dukan bayansa kamar yana kakkaɓe tabarma. Wani yana ihu a nemo mota a tafi asibiti. Idanun Baffa suka yi ja, yawu yana zuba, ba ya iya magana. Mata suka taru a ƙofar cikin gida suna salati, wata tsohuwa mai sanda ta ratso su ta shigo zauren. Ita ce Inna Kulu, mahaifiyar Baffa.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ya fara zo mini a rai ba tausayi ba ne. Cewa na yi ga ranar nuna karama ta zo. Na ajiye littafi, na naɗe hannun riga, na ce a ba ni wuri. Na zaro wata ƙaya daga jikin kifin da yake ci na ɗora masa a tsakiyar kai. Na karɓi ruwa a ƙoƙo na yi tofin da mahaifina ya koya mini, na juya fuskarsa wajen gulbi, na ba shi ya kurɓa, sannan na shafo wuyansa da hannun hagu daga ƙasa zuwa sama. Baffa ya yi wani tari mai ƙarfi, sai ga ƙaya a tafin hannunsa, doguwa, da ɗan jini a bakinta.

Aka ɗauki kabbara. Baffa ya jingina da bango yana mayar da numfashi. Da ina da hankali da na koma gefe na zauna. Sai na ɗauki carbina, na juya ga jama'a, na ce cikin muryar nan tawa ta natsuwa, "Ba komai. Wannan kaɗan ne daga sirrin da kakanninmu malamai suka bar mana."

Inna Kulu ta matso har sandarta ta taɓa ƙafata. Ta kama hannuna na hagu, ta juya shi, ta leƙa fuskata.

"Ƙaya bisa kai, huska wajen gulbi, hannun hagu," ta ce. "Yaro, malamai ba su wanga aiki. Wanga aikin Sarkawa na, masunta. Kuma aradu hannun Mamman Basarke na! Kai jikan Mamman mai kihi na, na Kalgo?"

Kafin in ɗinko wata sabuwar ƙarya, ta riga ni.

"Allahu akbar, ga goshin nan nai!" Ta juya ga mutane, murna ta cika ta. "Shi ka kawo muna kihi cikin kwando tun ina amarya. Ni kaina ya taɓa hidda man ƙaya, nan tsakar gidan ga. Duk gidajen garin ga shiga shikai, don mata ka sayen kihi. Ban dai taɓa ganin shi da littahi ba, amma mutumen kirki na, bai taɓa saida muna ruɓaɓɓe ba."

Ban san wanda ya fara ba, amma zauren ya fashe da dariya har wani ya kwanta a tabarma. Daga bayan bango na jiyo wata dariya da na sani sarai, ta ɗakin karatu, wadda ake toshewa da mayafi. Na ji zufa tana bin bayana, sitacin shaddar ya saki. Ga carbi a hannun dama, ga miyar kifi a hannun hagu, ga littafin Larabcina wani ya ɗora kwanon wanke hannu a kai. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Gwandu ta ce ba ta san ni ba.

Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Muryarsa ta dishe. "Tun watan jiya munka aika Kalgo bincike," ya ce. "Gwaggonka Tumba ta hwaɗa muna komi. Kihin ga ma ita ta aiko da shi da sahe, tac ce a dahwa ma ɗanta. So ni kai in ji inda za ka kai mu. Dariya ni ka ɓoyo ƙayar ga tas sarƙe ni."

Na sunkuyar da kai. A zuciyata na riga na yi sallama da Balkisu, kuma wata kunya ta biyu ta taso ta danne ta farko. Mutum ya yi shekaru yana ɗauko kwando daga Kalgo zuwa Gwandu, ya bar sunan da tsohuwa take murnar ji bayan ya daɗe a ƙasa, ni kuma na cire shi na sa baƙo a wurinsa. Wannan ta fi ciwo.

"Modibbon da kaz zo da shi," in ji Baffa, "ban san shi ba, kuma ban ba jikanai ɗiyata. Amma jikan Mamman Basarke, in shina nan, shi turo magabatanai."

Da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba na ce, "Yana nan, Baffa."

"To shi matso shi ci kihi."

Na matsa. Na ci, a gaban surukai, kunya ta riga ta ƙare. Kuma ban taɓa cin karfasa mai daɗin wannan ba.

Washegari na koma wurin Gwaggo Tumba na zauna a ƙasa, na ce ta ɗora daga kwando. Ta yi mini kallon sama da ƙasa ta ce, "Modibbo ya samu sukunin saurare?" Sannan ta ba ni labari har la'asar, na homar da ke zaure da goran da kakana yake hawa ya ratsa gulbi.

Yanzu muna da yara da Balkisu, kuma a dangin matata ba ni da suna sai Modibbon Ruwa. Duk wanda ƙaya ta tsaya wa daga Gwandu har Dalijan, lambata ake nema. Abin da na koya shi ne, in ka tambayi tsohuwa asalinka, ka bari ta kai ƙarshen magana kafin ka nemi takalmi. In kuma ka nace sai ka ari kaka, to ka bar hannuwanka a gida, don su ba a gaya musu an canza ba.