Rasuwar Agogon da Ya Tsaya a Madadin na Babana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Madhat Shauki na unguwar Shubra nake sanar da 'yan'uwa da abokan shan shayi rasuwar agogona, wanda ya cika ranar Talata da ƙarfe huɗu saura minti tara. Babu shakka game da lokacin, don har yanzu yana nan a fuskarsa.

An haifi marigayin a Suwizalan. Ya yi hidima a hannun wani likitan haƙori, sannan wani ɗan kasuwa da ya karye, kafin ya faɗo shagon Usta Fanus mai gyaran agogo a kasuwar Ataba, inda muka haɗu shekara tara da suka wuce. Tunda maganar mutuwa ake yi, bari in faɗi gaskiya. A shekarar aurena na sayar wa Usta agogon zinaren mahaifina, wanda ake wanawa da hannu, na kama gidan haya. Da canjin na sayi marigayin, mai fuska iri ɗaya amma mai aiki da batir, don kada mahaifiyata ta gane.

Marigayin mutumin kirki ne. Bai taɓa yin ƙarya ba sai wadda na sa shi. Kowace Juma'a mahaifiyata Hajja Ni'imat, wadda idonta ya yi rauni, takan kamo hannuna ta kara shi a kunnenta. Shi kuma ya ce tak... tak... tak, ita ta ce Allah ya jiƙan Shauki, sannan a zubo miyar lalo da zomo. Shekara tara gabana yana faɗuwa a daidai wannan wurin.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da tsallake daƙiƙa huɗu-huɗu. Ni a zatona wata bajinta ce ta agogon manya, har ina nuna wa jama'a a gidan shayi. Da Usta ya buɗe cikinsa sai ya ce, "Batir ya fashe, ya cinye hanjin. Wata biyu bawan Allah yana roƙonka sabon batir, Ustaz Madhat, kai kuwa kana ta yawon alfahari da numfashinsa na ƙarshe."

Ya rasu ya bar akwati wanda ba nasa ba, da takardar garanti mai sunan likitan haƙori, da farin shatinsa a wuyan hannuna.

Jiya Juma'a na je wurin Hajja da hannu tsirara, na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta ko ajiye cokalinta ba.

"Kai dai wawa ne tun kana ƙarami," in ji ta. "Na babanka zuciyarsa gudu take yi kamar ta ɗan tsako. Wannan kuwa tak, ya huta, tak. Tun Juma'ar farko na ji."

Na ce, "To Mama, me ya sa kike ta sauraronsa?"

"Yo in ba haka ba, yaushe za ka tsaya in riƙe hannunka?"

Za a yi jana'izar marigayin Juma'a mai zuwa bayan sallah, a cikin durowar gefen gadon Hajja, kusa da tabarau na mahaifina. Ana karɓar gaisuwa a gidan, hawa na uku. Iyalan suna roƙon kada kowa ya kawo agogo. Hannun zai ci gaba da zuwa kowace Juma'a haka nan.