Ranar Da Na Kira Iyayen Yara Ɓarayi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kira iyayen ɗalibanmu ɓarayi, kaf ɗinsu, kuma a rubuce.

Ni ke kula da shafin intanet na wata Islamiyya a Kankia. Shafin yana zaune cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye shi, akwai kuma wurin da ake saita cewa duk wanda ya buga sunan makaranta a kai shi adireshi kaza. Kafin ni Habu ɗan Kusada ke riƙe da aikin, abokina tun sakandare. Da ya samu aiki a sakatariya ya ba ni kalmar sirri yana dariya. Dariyar nan ce ban yarda da ita ba. (Ni dama ko gaishe ni aka yi da fara'a sai na tsaya tunanin me ake nema.)

Ana nan sai na fara ganin wani baƙon adireshi yana shiga sabar, ya leƙa ya fita. Na ce shi ke nan, Habu ne, so yake ya kama kuskurena ya kai wa Malam, shugaban makarantar, a kore ni. Har kiransa na daina ɗauka.

Sai na ɗana tarko. Na haɗa shafi baƙi wuluk da jan rubutu: "MUN GAN KA, ƁARAWO. KA JI TSORON ALLAH." Niyyata in karkata ƙofar baya, wadda mai kula kaɗai ke bi, ta kai can. Don mugunta ma na saita yadda ko an gyara, waya ba za ta saki sabon adireshin da wuri ba. Na buɗe shafin makaranta a kwamfutata, lafiya lau. Ashe ita tsohon adireshin ta riƙe, ni kuwa layin sunan makarantar da kowa ke bi na taɓa, ba na ƙofar baya ba.

Ranar taron iyaye Malam ya miƙe da alfahari ya ce kowa ya ciro waya ya duba sakamakon ɗansa. Ina gefe na harɗe hannu, ina hararar Habu da ya zo taron ƙanensa.

Sai baƙin shafin nan nawa ya fito a kowace waya. Can wani Alhaji daga Rimaye ya ɗaga waya ya ce, "Allah gafarta Malam, mi muka sata?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya karanta a hankali, ya cire tabarau, ya dube ni. "Kai ka rubuta wanga?"

Na ce ɓarawo nake nema, na nuna adireshin da ke damuna. Habu ya matso ya duba, ya ce, "Ba ni wayarka." Ya ɗan latsa ya juyo mini da ita. Adireshin wayata ne, na duk lokacin da aka ɗauke wuta na koma data.

"Don wannan ka daina ɗaukar kirana?" in ji shi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Nan take muka gyara, amma wayoyin iyaye suka ci gaba da kiransu ɓarayi har washegari, kamar yadda na saita da hannuna. Habun da na zarga shi ya roƙi Malam aka bar mini aikina.

Yanzu kafin in zargi kowa, aljihuna nake fara laluba. Amma har yau in na gifta tashar 'yan acaɓa sai wani ya ƙwala, "Mun gan ka!" Ni kuma in ɗaga hannu, don ai sun gan ni ɗin.