Ranar da Na Saki Bes Saboda Cinyar Kaza

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da bikin Anti Rifkatu ba, kuma laifin duk na lalacina ne. Lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, maƙwabcinmu a unguwar Tudun Ƙofa da ke Keffi, Yaya Bitrus, ya je Jos ya sayo jita uku ya kafa ƙungiyar kiɗa. Ya jera su a tabarma ya ce in zaɓa: lid mai kukan daɗi a gaba, ridim mai riƙe tsakiya, ko bes mai gurnani a ƙasa.

Sai na ƙirga tsirkiyoyi. Biyun farko shida-shida, bes huɗu. Na ce bes nake so (a raina ina murna na zambaci kowa).

“To,” in ji Yaya Bitrus, “bikin Rifkatu ne gwajinka. Ka yi shirme, Audu ya karɓa.” Shi kuwa Audu ƙaninsa ne, kullum yana kallon jitar kamar an yi masa alkawarinta tun a ciki.

Da muka fara koyo, sai na yanke hukunci cewa babu mai jin bes. Lid ake yi wa tafi, ni kuwa dum, dum, dum, kamar ana daka a wata unguwa.

Ranar biki a Gangaren Tudu fili ya cika, iyaye mata sun ɗaure ɗankwali a ƙugu suna ta juyi. Ni tun safe ban ci komai ba. Can sai ga wata yarinya da faranti cike da soyayyar kaza, tana wucewa dab da ni. Na ce ai ko na tsaya, wa zai sani? Na saki jita, na cafko cinya, na cusa a baki.

Wallahi kamar an janye wa mutane ƙasa. Rawa ta tsaya cak. Lid da ridim suka rage su kaɗai suna ƙara kamar sauro. Kakar amarya, wadda ta riga ta durƙusa za ta taso da salo, ta maƙale a hanya.

“Kai! Wa ya ɗauke gindin kiɗan?” ta daka tsawa.

Duk garin Keffi ya juyo (har da awaki). Ga ni tsaye, jita na reto a wuya, ƙashi ya leƙo daga bakina.

“Ɗan nan, haɗiye mu ci gaba, gwiwata za ta karye!”

Na haɗiye da hawaye, na kama tsirkiya da yatsu masu maiƙo, rawa ta dawo. A ranar na gane cewa ba a jin mai bes sai ya yi shiru.

Ba a kore ni ba. Amma tun daga nan Yaya Bitrus ba ya bari mu fara kiɗa sai ya tsaya a kaina na cinye kwanon shinkafa.