Jakar Gwanjon Da Na Kai Jidda

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da yarinya 'yar shekara tara ta tsayar da ni a gaban iyaye mata a Jidda, ta ce in yi murmushi.

Ni malamar makarantar Lahadi ce a cocinmu da ke Zariya. Kowane dogon hutu ina cikin matasan da ake turawa ƙauyukan Nijar, mu yi mako biyu muna koya wa yara waƙa da karatu, mu raba tufafi, mu ɗau hoto, mu dawo a tafa mana. Sau huɗu na je, don haka a ganina babu abin da ya rage min ban sani ba game da yara da talauci (kaina ya kumbura, ba sai an faɗa ba).

Ƙanwar babata, Anti Rifkatu, nas ce a wani asibiti a Jidda. Ita ta kira ni ta ce maƙwabciyarta Hajiya Batul, wata Bahaushiyar Sudan, tana tara yaran unguwa lokacin hutu don kada Hausa ta kuɓuce musu, kuma tana neman mai taya ta. "Wa'azi dai ki baro shi a gida, a nan ba a yi," in ji Anti. "Ki koya musu Hausa da wasa, halinki ya yi magana. Kuma kada ki ɗauko komai."

Na farkon na ji, na biyun ya bi iska. Ina jin an ce 'ya'yan Hausawa a ƙasar mutane, sai na hango su cikin tsumma suna jira na. Na tashi a coci na yi sanarwa, zumuntar mata ta cika min ƙatuwar jaka da gwanjo. Shugabarsu Mama Saratu ta riƙe hannuna ta ce, "Hoto dai, 'yata. Mu gan su da kayan a hannu, mu san sun isa." Na yi mata alkawari har da dukan ƙirji.

Ranar farko ƙarfe bakwai na safe na isa gidan Hajiya Batul a unguwar Madain Fahd, da usur a wuya. Ko kyanwa babu a layin. Sai da na daɗe ina buga ƙofa ta buɗe, ido duk barci, ta ce, "Ya binti, 'yata, lafiya? Wa ya mutu?" Ashe a hutun zafi babu yaron da ke tashi kafin azahar, ajin ma sai bayan la'asar.

A hankali na saba. Yara goma sha bakwai ne, a babban falon Hajiya. Mu yi tatsuniya, mu yi carman dudu, mu zana 'yar gala-gala da alli a farfajiya in rana ta yi sanyi. Suna jin Hausa ras, amma in za su amsa sai rabin maganar ta koma Larabci. Abla suke ce min, wato malama. Da magariba su yi salla, ni in zauna da 'yan ƙananan muna shan shayi da na'a-na'a. Kullum ina cikin tsohuwar abayar Anti, wadda ta koɗe kuma ko idon sawuna ba ta kaiwa, da silifas ɗin banɗaki, don takalmina na kirki zafin kwalta ya ɓare masa ƙasa tun kwana na biyu. Ban taɓa tsayawa na dubi kaina ba. Ina can ina duban wasu.

Wadda na fi duba kuwa Rawan ce. Kullum riga ɗaya take zuwa da ita, wata rigar ƙwallo da lambar bayanta ta fara ɓarewa. Kullum kuma ba takalmi nake ganinta (a bakin ƙofa kowa ke cirewa, har da ni, amma wannan bai hana ni tausayi ba). Na yanke hukunci ni kaɗai: ga wadda aka turo ni dominta.

Ranar da Hajiya ta tafi ganin likita ta bar min ajin, na jawo jakata na zuge. Warin gwanjo ya cika falon, yara suka yi tsit. Na ɗauka daɗi ne ya hana su magana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙawa ina ɗaukar hoto. Da na zo kan Rawan na zaɓo mata wata doguwar riga mai ruwan hoda, maɓalli ɗaya ya fita. Ta noƙe hannu. Na durƙusa a gabanta, na sa muryar nan tawa ta aikin Allah, na ce, "Kada ki ji kunya, talauci ba laifi ba ne. Ɗaga ta sama sosai. Yauwa, yi murmushi." Ta ɗaga, ta yi wani abu mai kama da murmushi. Na kwana ina jin kaina kamar mala'ika.

Babu wanda ya ce min uffan har ranar rufe aji. Iyaye mata suka fara shigowa, ƙamshin turaren wuta na riga su isowa. Suna cire abaya na ga gwala-gwalai. Na raɗa wa Hajiya, "Wace ce waccan mai awarwaro har gwiwar hannu?"

"Maman Rawan. Mijinta ke da shagunan tufafin yaran nan a unguwar Aziziyya."

Tufafin yara. Na kai gwanjo gidan mai shagon tufafi. Rigar ƙwallon ma, in ji Hajiya, guda biyar gare ta iri ɗaya, waccan ce dai take so.

Bayan yara sun yi waƙoƙinsu, maman Rawan ta miƙe. Ta gode min, sannan ta ce sun ga kayan da na kawo don yaransu su ga irin abin da marasa galihu ke sawa a can gida, abin ya taɓa su ƙwarai. Aka shigo da jakata, kayan a wanke a goge, har maɓallin nan an ɗinke. A bayanta kuma ga wasu jakunkuna biyu, sababbin kaya fil da ledarsu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Rawan da leda a hannu. Ita da sauran yaran sun haɗa kuɗin alawarsu sun sayo min abaya sabuwa da takalmi, don mako uku suna kallon silifas ɗina suna jin tausayi. Na noƙe hannu. Yarinyar nan ta dube ni da zuciya ɗaya, babu ko alamar ramuwa, ta ce, "La, Abla, kada ki ji kunya. Talauci ba laifi ba ne." Ta karɓi wayar mamanta. "Yalla, maza ɗaga sama sosai. Murmushi."

Na ɗaga. Fuskata na zafi, mata ashirin na tafa min. Sai a lokacin na san nauyin riga a hannun wanda aka ce ya ɗaga ta, kuma na tuna yaran ƙauyukan nan huɗu da suka ɗaga min.

Da kowa ya watse na ce, "Hajiya, da gaske ba su gane ba?"

Ta ci gaba da tattara kofuna. "Tun ranar suka gane, ya binti. Har an fara maganar cire yara daga ajin. Na ce baƙuwa ce, da kyakkyawar niyya ta zo. Shi ne suka zaɓi su rufa miki asiri. Halas, ya wuce, sha shayinki."

A cikin jirgi na goge hotunan yaran duka. Ranar Lahadi na ajiye jakunkuna uku a gaban zumuntar mata, Mama Saratu ta ce, "Ikon Allah, an aike ki da ɗaya kin dawo da uku! To ina hoton?" Ɗaya kaɗai ya rage a wayata, wanda maman Rawan ta turo min. Mama ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan marainiyar kam na san uwarta."

Har yau ina zuwa aikin hutu, kuma har yau muna kai tufafi, amma sai mun tambaya, kuma uwa ake ba wa a cikin ɗaki. Duk sabon matashin da na ga ya zaro waya lokacin rabo, ba na yi masa faɗa. Hotona kawai nake nuna masa.